Ranar da shamuwa ta sauka

A gidan kakanmu, wani ƙauye kudu da Miriya, akwai tsohuwar tsamiya a bayan rumbuna. Duk shekara idan bazara ta kai maƙura, lokacin da mutum zai kwanta a tsakar gida ya rasa ɓarin da zai juya, ruwan randa ma ya koma kamar an ɗora shi a murhu, sai wata safiya mu tashi mu tarar da baƙi a kanta. Baƙin baya, dogayen ƙafafu, fuska da ɗan shuɗi-shuɗi, ciki kuwa fari fat. Kakarmu takan ce shamuwa farin ciki gare ta, shi ya sa farin ciki take kawowa. Daga ranar gidan yake canzawa. Kawu ya ciro sungumi ya duba ƙota, a sauko da damin iri daga rumbu, mata su fara sussuka, mai ɗakin da ke yoyo ya nemi magini. Yaron da ya kuskura ya saita danƙo wajen tsamiyar nan kuwa, ranar zai san akwai manya a gidan.

Bazarar da ta wuce na je ƙauyen gaisuwa, na tarar da dattawa a majalisa suna gardama a kan shamuwa. Ɗaya ya ce yanzu makara take yi. Wani ya ce atafau, da wuri take zuwa, ruwan ne ke ba ta kunya. Na uku ya ce ba wannan ba ne, raguwa ta yi, da sheƙa goma ake ƙirgawa a tsamiyar gidanmu, yanzu uku. Ana cikin haka rediyon da ke rataye a reshe ya kawo hasashen ma'aikatan meteyo, cewa ruwan bana a yankinmu zai kasance daidai da yadda aka saba ko ya ɗan ɗara. Kawu ya juyo ya dube ni, da yake ni ne ɗan lakwal a wurin.

"Kai malam, wane sabon suke nufi? Na zamanin Diori ko na zamanin Kunce?"

Aka yi dariya, amma ni tambayar ta bi ni har Damagaram, don ban taɓa jin wanda ya kama bakin zaren kamar yadda tsohon nan ya kama shi ba.

Abin da masana yanayi ke kira "yadda aka saba" lissafi ne. Ana tara ruwan shekara 30, a raba gida 30, abin da ya fito shi ne matsakaici, kuma da shi ake gwada kowace damina. Hukumar Yanayi ta Duniya ce ta tsara haka, ta kuma ce a riƙa sabunta lissafin duk bayan shekara 10. An yi amfani da 1931 zuwa 1960, an yi da 1961 zuwa 1990, an yi da 1981 zuwa 2010, yau kuma ana kan 1991 zuwa 2020. A ƙasar da yanayinta ke zaune wuri ɗaya, wannan canji ba ya tayar da ƙura. A Sahel kuwa kowane ɗaya daga cikin lissafan nan duniya ce daban. Shekarun 1950 da farkon 1960 na ruwa ne sosai, lokacin da manoma suka yi ta matsawa arewa suna sare sabbin gonaki har cikin Damargu, Tafkin Cadi kuma ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000 a 1963. Daga 1968 abin ya juya, fari ya yi tsanani a 1972 da 1973, ya dawo da ƙarfinsa a 1983 da 1984, shekarar da har yau tsofaffi ke kira El Buhari. Tafkin nan ya ƙanƙance har bai kai kashi ɗaya cikin goma na girmansa ba. Daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan farfaɗo, amma bai koma na zamanin Diori ba.

To ka ga inda gizo ke saƙa. Idan ka gwada daminar bana da matsakaicin da ya haɗiye shekarun fari, sai ta fito a takarda kamar shekarar albarka, alhali tsohon da ya yi noma a 1955 zai ce maka wannan ai yayyafi ne. Shi da takardar duk gaskiya suke faɗi, mudunsu ne ba ɗaya ba. A wajen zafi ma abin ya fi muni, don shi hawa kawai yake yi. Kowane sabon matsakaici ya fi na bayansa ɗumi, saboda haka zafin da ya isa a kira shi abin mamaki shekara 40 da suka wuce, yau sunansa "daidai". Kamar mai awo ne a Kasuwar Dole da ke ɗan rage tiyarsa duk shekara goma, yana rantsuwa cewa tiya guda ya zuba maka, kuma bai yi ƙarya ba. Ita kanta hukumar ta ga wannan rami, shi ya sa ta ce idan ana maganar sauyin yanayi a riƙe 1961 zuwa 1990 a matsayin turke. Sai dai wannan bayani ba ya isowa rediyon da ke rataye a majalisar Kawu. Kalmar "saba" kaɗai ke isowa, kuma kalma ce mai kwantar da hankali.

Ni a ganina wannan ita ce illarta babba: tana sa mutum ya saba da abin da bai kamata ya saba da shi ba. Ɗana da aka haifa bayan 2005 bai san wata bazara ba sai wadda ma'auni ke wuce digiri 40 kusan kullum a Afrilu da Mayu, dare kuma ya ƙi hucewa. A wurinsa haka duniya take. A farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, an auna digiri 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali, kuma wannan shekarar ce aka tabbatar ta fi kowace zafi tun da aka fara ajiye lissafi a duniya. In an shigar da ita cikin matsakaici na gaba, za ta narke a cikinsa kamar gishiri a miya.

Ga kuma wani abu da matsakaici ba ya faɗi ko da an bar shi wuri ɗaya. Ruwan birnin Damagaram a shekara wajen milimita 400 ne, Magarya ta fi haka, Tanut ba ta kai ba. Amma wa ya taɓa shuka hatsi a kan matsakaici? Shekarar da aka samu 250 da wadda aka samu 550, in ka haɗa ka raba, 400 ne, kuma a cikin biyun babu wadda ta yi kama da 400. Ko a shekara guda, milimita 400 da suka sauka sannu a hankali daga Yuni zuwa Satumba rumbu ne cike. Waɗannan 400 ɗin in suka zo a ruwa biyar masu kama da bakin ƙwarya, da rata ta kwana ashirin a tsakani, gona ce da zaizaya ta kwashe da kuma gini a ƙasa. Binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan adam, aka wallafa a 2017, ya nuna cewa manyan hadura masu tsananin ƙarfi sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. Mu nan ba mu buƙatar tauraron ɗan adam ya gaya mana. A farkon Satumbar 2024 tsohon masallacin Birni da ke nan Damagaram, ginin ƙasa da ke tsaye tun ƙarni na 19, ya sha damina fiye da ɗari da hamsin, ya durƙushe. A wannan damina ambaliya ta kashe mutum fiye da 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya. A takarda shekara ce ta "ruwa sama da yadda aka saba", jimlar da manomi zai ji ya ce alhamdu lillahi.

Ba ina zagin ma'aikatan meteyo ba ne, a fahimce ni. Aikinsu na da wuya, kayan aikinsu kaɗan ne, kuma mai gina gada ko madatsar ruwa dole ya san lissafin shekara 30. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974 bayan farin da ya girgiza mu, takan tara masana kafin kowace damina su fitar da hasashe, kuma a cikinsa har da lokacin faɗuwar ruwa, lokacin ɗaukewarsa da tsawon ratar da ake tsoro. Abin da ke ba ni haushi shi ne waɗannan, da su ne zuciyar maganar, su ke zubewa a hanya kafin saƙon ya iso ƙauye. Manomi tambaya uku gare shi: yaushe zan shuka, in na shuka ruwa zai tsaya ya bar ni, kuma wane iri zan zuba, mai kwana 70 ko mai kwana 100? Na ga Kawu ya yi binne a busasshiyar ƙasa, ruwa ɗaya ya sauka mai kyau, hatsi ya tsiro kore shar, sannan sama ta washe sati uku. Iska mai yashi ta gama da shi. Ya sake shuka da ragowar iri, karo na uku kuwa sai da ya sayar da akuya ya auno tiya a kasuwa, irin da bai san asalinsa ba. A ƙarshen wannan shekarar jimillar ruwan ba ta da laifi ko kaɗan.

Shi ya sa har yau yake ɗaga kai ya dubi tsamiya. Kuma yana da hujja, don shamuwa ba camfi ba ce zalla. Ba ita ke kawo ruwa ba, biyo shi take yi, ko in ce tana ɗan gabansa da taki kaɗan. Akwai wani layi a sararin sama inda busasshiyar iskar hamada mai zuwa daga arewa maso gabas ke karo da iska mai laima daga teku ta kudu maso yamma. Wannan layi yana hawowa arewa tun daga Maris, ya wuce kanmu, ya kai iyakarsa cikin Sahara a Agusta, sannan ya koma. Ruwa na biye da shi a baya. Inda ruwa ya taɓa ƙasa, ciyawa ta tsiro, fara da tsutsa da kwaɗi su fito, kuma wannan ne abincin shamuwa. Tana zuwa nan ta yi sheƙa, ta saka ƙwai biyu ko uku, ta ƙyanƙyashe daidai lokacin da fara ta yi yawa. Idan kaka ta yi, wajen Satumba zuwa Oktoba, sai ta tattara ta tsallaka tsakiyar duniya zuwa gabashi da kudancin Afirka, inda damina ke farawa sa'ad da tamu ke ƙarewa. Masu bincike daga Denmark sun taɓa ɗaura wa wasu shamuwoyin Nijar ƴan na'urori, suka bi su ta tauraron ɗan adam har Tanzaniya. Ka ji tsuntsuwar da ba ta san rani ba, damina biyu take ci a shekara. Turawa sun laƙa mata sunan wani gwamnan Turkawa da ya yi mulki a arewacin Sudan, Abdim, sunan da babu wanda ya san shi a inda take haihuwa.

Don haka zuwanta labari ne daga kudu: iska ta juya, ruwa ya fara taɓa ƙasashen da ta ratso. Amma labarin juyawar iska daban, alkawarin cewa ruwa zai ɗore a gonarka daban. Bahaushe ya ce ganin hadari ba ya sa a yi wanka da kashi. Shamuwa kan iso ta zauna sati biyu, sati huɗu, tana gyaran sheƙa sama ba ta ce komai ba. In ruwan ya makara ita ma tana ɗanɗana kuɗarta, in kuma ya zo da guguwa, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, na sha ganin ƴaƴanta a ƙasa bayan hadari. Raguwar sheƙa a tsamiyarmu ma ba lalle sauyin yanayi ba ne. Manyan itatuwan cikin gari nawa aka sare don a yi shago ko a faɗaɗa hanya? Feshin maganin fara nawa aka yi a gonakin da take kiwo? Wanda ya ɗauke ta ma'auni marar kuskure ya yi kuskure, kamar yadda wanda ya ɗauki matsakaici ya yi.

Haka lissafin taurari da malamanmu ke yi. Taurari 28 ne, kowanne kwana 13, ban da Jabha mai 14, sun cika kwana 365. Damina ta fara da Haƙ'a, ta bi ta Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, har Harsan. Ilimi ne mai tsari, kuma shi ma in ka duba wani irin matsakaici ne da kakanni suka tara cikin ɗaruruwan shekaru. Taurarin ba su gusa ba. Abin da ake ɗaura musu ne ke gusawa.

Akwai wata ƙaurar da ba mu cika lura da ita ba, don ita ba ta sauka a tsakar gida. A daidai watannin da muke jiran shamuwa daga kudu, wasu baƙin suna haramar barinmu zuwa arewa. Wanda ya je tafkin Gidimuni ko na Lasuri da sanyin Janairu ya ga agwagin ruwa da ƴan tsuntsaye masu dogon baki suna caccakar laka. Da yawansu a Turai da Rasha aka ƙyanƙyashe su. An ƙiyasta cewa ƙananan tsuntsaye kimanin biliyan 2 ke baro Turai duk kaka su tsallako Sahara. Wasu nan Sahel suke tsayawa, cikin ƙaya da bagaruwa da bakin tafki, har da wani shaho siriri mai shawagi ƙasa-ƙasa a kan gonaki yana cin fara, ma'aikacin da ba mu biya. Daga Fabrairu zuwa Afrilu su juya. Ka yi tunani: tsuntsun da bai kai nauyin ƙwan kaza ba zai ratsa hamada mai faɗin kilomita 1,500 zuwa 2,000, babu ruwa babu inuwa, kuma guzurinsa kitsen da ya tara a jikinsa ne, wani har sai ya kusa ninka nauyinsa. A ina yake tara kitsen? A nan, a ƙarshen rani, lokacin da ƙasarmu ta fi kowane lokaci tsiraici. In daminar bara ta yi kyau, tafkuna na da sauran ruwa, itatuwa na da ƴaƴa da ƙwari, ya tsallake. In ba ta yi ba, yashi ya cinye shi.

Wani abu ya faru da ke sa ni jinjina kai duk sa'ad da na tuna. A bazarar 1969 masu lura da tsuntsaye a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, da ke cika musu shingaye kowace shekara, bai dawo ba sai kaɗan. Kusan kashi uku cikin huɗu sun ɓace a shekara guda. Suka yi ta neman dalili a gida, daga baya suka gano ruwan Sahel ne ya gaza a 1968. Wato farin da duniya ba ta waiwaye mu a kansa ba sai 1973, da gawarwakin shanu suka cika hanyoyi, tsuntsu ya kai labarinsa Ingila shekara huɗu kafin nan. Kuma sun iya karanta labarin ne saboda dalili ɗaya tak: suna ƙirgawa, suna rubutawa, shekara bayan shekara.

A Holan kuma an ga wata matsalar da Kawu zai gane ba tare da tafinta ba. Akwai ɗan tsuntsu baƙi da fari mai kamun ƙwari, da ke cinye lokacin sanyin Turai a Afirka ta Yamma. Yana komawa can ya haihu daidai lokacin da tsutsotsin ganye suka yi yawa a daji. Da ɗumi ya ƙaru, ganye ya fara tohowa da wuri, tsutsa ta fito da wuri. Shi kuwa yana nan dajin Afirka, ba ya ganin abin da ke faruwa a Holan, agogonsa na cikin jiki ne da tsawon yini. Sai ya isa ya tarar an ci kasuwa an watse. Binciken da aka wallafa a 2006 ya nuna cewa a dazuzzukan da tsutsar ta fi saurin fitowa, yawansa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 a shekara 20. Abincin na nan, tsuntsun na nan, lokacinsu ne ya saɓa. Wannan ita ce cutar sauyin yanayi da jimillar shekara ba ta nunawa, kuma ita ce ke cin irin Kawu.

Na ce suna rubutawa. Wani manomin Ingila, Robert Marsham, ya fara rubuta ranar tohowar itatuwa da ranar isowar tsattsewa a gonarsa a 1736, zuriyarsa suka ci gaba har 1958. A Kyoto ta Japan akwai lissafin ranar da wani itace ke cika fure tun ƙarni na 9, kuma da shi aka san cewa furen 2021, da ya cika a 26 ga Maris, ya riga duk na shekaru 1,200 da suka gabace shi. Babu na'ura a cikin wannan aiki, ido ne da alƙalami da naci.

Mu fa? Ba mutanen mantuwa ba ne mu. Maroƙin fada zai jero maka sarakunan Damagaram ɗaya bayan ɗaya ba tuntuɓe. Mun raɗa wa yunwa suna don kada ta ɓace mana, daga Kakalaba ta 1913 da 1914 har El Buhari. A birnin nan ana auna ruwan sama tun farkon ƙarni na 20. Amma ranar da shamuwa ta sauka a tsamiyar gidanmu, abin da kowa a ƙauyen ke gani da idonsa kuma yake gina shawarar shuka a kansa, ba a taɓa sa shi a takarda ba. Shi ya sa gardamar majalisa ba ta da alƙali. Ga wani abin da ke ƙara dagula ta: da watan Musulunci tsofaffi ke tuna abubuwa, shi kuwa yana ja baya da kimanin kwana 11 kowace shekara. Mutum zai ce maka "da cikin azumi take zuwa", kuma gaskiya ne, a 1987 azumi ya faɗo a Mayu, haka ma a 2019. A 2024 kuwa tun Maris aka ɗauke shi. Shamuwa ba ta motsa ba, azumin ne ya zagaya ya bar ta.

Abin da nake kira a yi ba ya buƙatar tallafin kowa daga waje. Kowace lakwal ta ƙauye ta samu littafi guda mai kauri da ma'aunin ruwa na roba, wanda kuɗinsa bai kai na buhun siminti ba. Yara su rubuta ranar da aka fara ganin shamuwa, sheƙa nawa ne a garin, ranar da shirwa ta dawo, ranar ruwan farko, ranar shuka, sau nawa aka sake ta, kwana nawa sama ta yi shiru, ranar da gawo ya zubar da ganye da ranar da ya toho, ranar da tafki ya ƙafe. Isowar shamuwa na faɗowa kafin a tashi hutu, tafiyarta kuma daidai komawa aji, na tsakiyar damina sai a bar wa liman ko mai gari, tun da su ba sa hutu. Almajiran makarantar allo ma sun fi kowa iya wannan, da ajami, don su ne ke tashi da asuba. A rubuta kwanan watan Bature da na Musulunci gefe da gefe. Jami'ar André Salifou da ke nan Damagaram tana da ɗalibai masu neman abin bincike, ga shi a ƙofar gida, hoton shafi ɗaya ta WhatsApp ya isa. Bayan shekara 10, ƙauyuka ɗari daga Magarya zuwa Tanut za su riƙe abin da tashar awo guda a filin jirgi ba za ta taɓa bayarwa ba. Su kuma masu karanta hasashe a rediyo, in sun ce "yadda aka saba", su ƙara numfashi ɗaya su faɗi shekarun da suke nufi, sannan su ba manomi kwanaki maimakon jimilla.

Na san abin da za a ce. Wani zai ce ruwa na Allah ne, ƙirge-ƙirgen me? Na yarda na Allah ne, kuma in ya makara ni ma ina cikin sahun roƙon ruwa. Amma Annabi Yusuf, da aka nuna masa shekara bakwai na yalwa da bakwai na ƙunci, lissafi ya yi, ya sa aka adana hatsi a zangarniyarsa. Wani zai ce ana fama da tsadar tiya da rashin tsaro kai kana zancen tsuntsu. Wannan ya fi nauyi, ban raina shi ba. Amsata ita ce zancen tsuntsun zancen tiyar ne. Iri uku da Kawu ya zuba a shekara guda daga bakin ƴaƴansa aka cire su. Manomin da ke kwana yana kaɗa gwangwani saboda jan-baki ma zai ce shi bai ga abin so a tsuntsu ba, kuma ba zan yi masa musu a kan jan-baki ba. Sai dai ko ita ƙaura take yi tana bin ruwa da tsabar ciyawa, wanda ya san kwanakinta ya fi wanda ta faɗo masa ba zato.

Abin da ke ba ni ƙarfin gwiwa kuwa shi ne mutanen yankin nan sun taɓa yin abin da ya fi wannan wuya ba tare da an tilasta musu ba. Bayan farin 1984, manoman Miriya da Magarya da Matamaye, tare da na Maraɗi, suka daina tumɓuke tohon itace a gona, suka riƙa sassabe shi suna rainonsa. Yau ana maganar hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200, kuma wanda ya bi hanyar Matamaye ya ga gawo iya ganinsa ya san ba tatsuniya ba ce. Sun yi haka don taki da abincin dabbobi da makamashi, ba don tsuntsu ba, amma ƙananan baƙin nan masu shirin tsallake hamada sun samu wurin kiwo a rassan gawon. Mutanen da suka iya rainon itace shekara 30 za su iya riƙe littafi.

Kafin in baro ƙauye na saya wa ɗan Kawu, wanda ke aji biyar, littafi mai shafi 200 da biro biyu. Na ja masa layuka, na rubuta kan kowane gida. Kawu yana kallonmu daga kan tabarma, bai ce uffan ba sai da na gama.

"Ka ƙara gida ɗaya," ya ce. "Ka rubuta ranar da na ce a shuka, da ranar da rediyo ta ce. In shekara ta ƙare mu ga wa ya fi wani."

Na ƙara gidan. Kwana tara da komawata birni, da sassafe, waya ta yi ƙara. Yaron ne, yana haki kamar ya yi gudu.

"Yaya, sun sauka! Guda huɗu. Na rubuta. Amma Baba ya ce biyar ne, ɗaya ta tafi kiwo. In sa nawa?"

Na ce ya sa huɗu, ya rubuta a gefe cewa Baba ya ce biyar.